Ofishin cigiyar dangi na birnin Ƙudus: neman labarin waɗanda aka baro a Turai, 1945 zuwa 2002

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai a watan Mayu 1945, Yahudawan da ke zaune a Falasɗinu, wadda take ƙarƙashin mulkin Birtaniya a wancan zamani, sun haura rabin miliyan. Galibinsu daga Polan da Rasha da Romaniya da Jamus suka fito, wasu tun farkon ƙarni, wasu kuwa bayan Hitler ya hau mulki a 1933. Da wuya a sami gidan da ya taso gaba ɗayansa. Saurayi ko budurwa ne kan yi gaba, a bar tsofaffi da ƙanne a gida, da niyyar in ya zauna da gindinsa zai aiko musu da takardar izinin shiga. Takardar ce ta yi wuyar samu, domin a ƙididdige Birtaniya take bayar da ita, sannan a 1939 ta ƙara matse ƙofar, ta ƙayyade mutum 75,000 kacal cikin shekaru biyar. Amurka ma tun dokar shige da fice ta 1924 ta zaftare kason mutanen gabashin Turai. Haka yaƙi ya sami dubban iyalai a rabe, rabi a Haifa ko New York ko Buenos Aires, rabi a garuruwan da sojojin Jamus suka mamaye.

Da farko wasiƙa ba ta yanke baki ɗaya ba. Kwamitin Red Cross na duniya da ke Geneva ya buɗe hanyar aika saƙo tsakanin ƙasashen da ke gaba da juna, a kan wata takarda ta musamman wadda ba a yarda a wuce kalma 25 a cikinta ba, kuma zancen iyali kawai ake rubutawa. A bayan takardar ake ba da amsa, ita ma kalma 25, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni. Mutane sun koyi dunƙule magana: a ce wane ya yi tafiya, a nufi an kwashe shi. Tsakanin 1942 da 1943 amsoshin suka ɗauke, gari bayan gari. A watan Nuwamba 1942 wasu mutane ƙalilan da aka yi musayarsu da Jamusawa suka iso Falasɗinu daga Turai, suka faɗi abin da idonsu ya gani, Hukumar Yahudawa, wadda ke wakiltar Yahudawan Falasɗinu a gaban gwamnatin Birtaniya, ta fito fili ta sanar cewa kisan ƙare dangi ake yi da tsari, aka yi zaman makoki na kwana uku. Daga nan kowa ya san abin da ya auka wa jama'a a dunƙule. Abin da ba wanda ya sani shi ne abin da ya sami uwarsa da ƙanensa, su da sunayensu, kuma wannan tambayar ce ta haifi ofishin da ake nazari a kansa a nan.

Jerin sunayen masu rai

Waɗanda suka tsira ne suka fara aikin, tun kafin wata hukuma ta shirya. A Lublin an kafa babban kwamitin Yahudawan Polan a watan Nuwamba 1944, yaƙi na ci, ya soma yi wa duk wanda ya fito daga maɓoya ko daji ko sansani rajista. A kudancin Jamus wani malamin addinin Yahudu da ke aiki da sojojin Amurka, Abraham Klausner, ya isa sansanin Dachau a watan Mayu 1945, ya tarar da cewa bayan abinci da magani, abin da mutane suka fi roƙonsa shi ne labarin danginsu. Ya bi sansanoni yana rubuta sunaye, ya buga kundi na farko a watan Yuni, daga bisani kundayen suka kai shida. A ginin babban gidan tarihi na birnin Munich, inda kwamitin Yahudawan da aka 'yantar ya yi ofishinsa, bango ya cika da takardun sunaye, mutane na tsaye suna bi da yatsa, wanda bai ga nasa ba ya ƙara sunansa da inda za a same shi, ya kama hanyar wani sansanin.

A cikin wannan yanayi Hukumar Yahudawa ta buɗe ofishin cigiyar dangi a birnin Ƙudus a 1945. Aikinsa na farko shi ne tattara waɗannan jerin sunaye da ke warwatse, masu zuwa ta hannun sojoji da ma'aikatan agaji da wakilan hukumar, ya mai da su abin da mutum zai iya dubawa. Kafin shekarar ta fita ya buga rajistar waɗanda suka tsira a juzu'i biyu. Na farko na ɗauke da suna kimanin 60,000 daga ƙasashe da sansanoni daban-daban, na biyu kuwa kimanin 58,000 na waɗanda aka yi wa rajista a Polan. Kafin yaƙi Yahudawan Polan sun kai miliyan 3.3, don haka wanda ya buɗe juzu'i na biyu yana neman mutanen garinsu ya fahimci girman al'amarin tun kafin ya kai harafin sunan gidansu. Duk da haka rashin ganin suna bai zama hujjar mutuwa ba, saboda a 1946 sama da Yahudawan Polan 100,000 suka dawo daga Tarayyar Sobiyet, inda gudu ko kora ta kai su Saberiya da tsakiyar Asiya. Wannan ya sa mutane da yawa suka ci gaba da sa rai tsawon shekaru, kuma ba za a ce ba su da dalili ba.

Ofishin ya kuma riƙa fitar da wata jarida ta sunaye zalla tsakanin 1945 da 1947, ana liƙa ta a wuraren taruwar jama'a. Ba shi kaɗai ke wannan hidima ba. A New York ƙungiyoyin agaji sun haɗu a 1944 sun kafa cibiyar katin cigiya guda ɗaya, jaridar Aufbau ta Yahudawa masu jin Jamusanci ta cika shafukanta da sanarwar neman dangi, ƙasashen Ƙawance kuma suka tara takardun sansanonin Nazi a garin Arolsen na Jamus daga 1946, inda cibiyar ta karɓi sunanta na hukumar cigiya ta duniya a 1948. Mai neman ɗan'uwansa yakan rubuta wa dukkansu, su kuma suna tura wa juna tambaya.

Yadda ake haɗa kati da kati

Ƙa'idar da ofisoshin cigiya na wancan zamani suka yi aiki da ita mai sauƙin faɗa ce. Mai nema ya kawo sunan wanda yake nema, da sunan mahaifinsa, da shekarar haihuwa, da garinsu, da wurin da aka ji labarinsa na ƙarshe, sannan ya bar nasa sunan da adireshinsa. Akawu ya buɗe kati, ya jera shi a durowa bisa haruffa. In jerin sunaye ya iso daga wani sansani, ko wasiƙa ta zo daga wani da ya tsira yana neman yayansa da ya tafi Falasɗinu tun 1935, shi ma a buɗe masa kati a jera. Ranar da kati biyu suka faɗo wuri ɗaya, an dace. Ma'anar wannan ita ce ofishin ba ya fita neman kowa a zahiri. Yana haɗa hannu biyu ne da kowannensu ya riga ya miƙo. In ɗaya ɓangaren bai rubuto ba, ko don ya mutu, ko don yana inda ba ya iya rubutu, ko don ya yanke ƙauna cewa akwai sauran wani nasa a duniya, katin mai nema zai zauna shi kaɗai a durowa ko da shekara hamsin ce.

Ko da ɓangarorin biyu sun rubuto, sunan kansa yakan hana su haɗuwa. Mutum ɗaya yana iya zama da suna na Yidish da ake kiransa da shi a gida, da na Ibrananci da aka raɗa masa na addini, da na Polanci a takardar makaranta, sannan akawun Bajamushe ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Ma'aikatan Arolsen sun ƙirga hanyoyi 849 da aka rubuta sunan gidan Abrahamovic a takardunsu, abin da ya tilasta musu jera katunansu bisa lafazi maimakon bisa rubutu. Garuruwa ma sun canza suna da ƙasa: birnin da tsofaffi suka sani da Lemberg ya zama Lwow a hannun Polan, ya koma Lvov a hannun Sobiyet. Yarinyar da aka baro tana da shekara goma sha biyu ta yi aure a sansanin 'yan gudun hijira, ta ɗauki sunan miji. Yara da yawa sun ƙara wa kansu shekaru a sansani don a ɗauke su masu iya aiki, manya kuma suka rage nasu daga baya don neman biza. Su kansu masu neman sun ƙara dagula lissafin, domin a sabuwar ƙasar Isra'ila an ƙarfafa wa mutane su ɗauki sunayen Ibrananci. David Ben-Gurion, firaministan ƙasar na farko, da sunan Grün aka haife shi, Golda Meyerson, wadda ta zama firaminista daga baya, ta koma Meir a 1956, kuma dubban talakawa sun bi wannan sahu. Wanda ya fito daga sansani yana neman yayansa da sunan da suka tashi da shi, sai ya tarar babu mai wannan suna a ƙasar.

Mutanen ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Bayan kisan Yahudawa 42 a garin Kielce na Polan ranar 4 ga Yuli 1946, dubun dubatar waɗanda suka koma gida suka sake tashi zuwa sansanonin Jamus da Ostiriya da Italiya, har adadin Yahudawa a sansanonin ya kai kimanin 250,000 a 1947. Waɗanda suka shiga jiragen ruwa zuwa Falasɗinu ba da izini ba, Birtaniya ta tsare sama da 50,000 daga cikinsu a tsibirin Kubrus. Adireshin da aka rubuta a kati a watan Maris ya zama tsohon zance kafin watan Agusta.

Rediyo ne ya rufe wani ɓangare na wannan giɓi, kuma shi ne abin da mutanen Isra'ila suka fi tunawa. Gidan rediyon gwamnati ya ware wani ɗan lokaci da tsakar rana yana karanta sanarwar ofishin, a wani shiri da aka sani da taken “Wa ya gane, wa ya sani”. Mai karatu kan faɗi sunan wanda ake nema, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da mai nemansa, ya wuce zuwa na gaba ba tare da ado ba. Yaran da suka tashi a shekarun 1950 sun sha ba da labarin yadda ake sa su yin tsit a gida in shirin ya fara, uwa na tsaye a bakin murhu da kunnenta a rediyo. Amfanin rediyo a nan shi ne yana kaiwa ga mutum na uku. Wanda ake nema zai yiwu ba ya raye, amma maƙwabcinsa na geto, wato unguwar da aka killace Yahudawa a cikinta, ko wanda suka kwana a ɗaki ɗaya a sansani, yana iya jin sunan ya rubuto ya ce ya gan shi a wuri kaza a damina kaza. Sau da yawa iyakar abin da iyali suka samu ke nan.

Waɗanda ba su bar takarda ba

A nan ne, a ganina, ainihin matsalar take, kuma ba gazawar ma'aikata ba ce. Mutane sun ɗauka cewa tunda an san Jamusawa da rubuta komai, to kowane mamaci yana da fayil a wani wuri. Gaskiyar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A yammacin Turai an rubuta sunayen waɗanda aka loda a jiragen ƙasa. Daga sansanin Westerbork na Holan an tura sama da mutum 34,000 zuwa sansanin kisa na Sobibor a jirage 19 cikin 1943, waɗanda suka tsira ba su kai 20 ba, kuma da yake akwai jerin sunayen kowane jirgi, hukumomin Holan sun iya ba iyalai ranar mutuwa ta hanyar lissafa ranar da jirgin ya isa. Labari ne mai ɗaci, amma labari ne mai kwanan wata.

A gabas kuwa, inda mafi yawan dangin Yahudawan Falasɗinu suke, ba a damu da suna ba. A sansanin kisa na Treblinka an kashe kimanin mutum 900,000 ba tare da rajistar sunayensu ba, a na Belzec ma ba a rubuta sunaye ba. A Auschwitz an kai kusan mutum miliyan 1.3, amma kimanin 400,000 ne kawai aka yi wa rajista aka ba su lamba; galibin sauran daga bakin jirgi aka wuce da su ɗakunan gas. A kwarin Babi Yar na birnin Kiev, rahoton 'yan Nazi ya rubuta mutum 33,771 da aka harbe a ranakun 29 da 30 ga Satumba 1941, adadi daidai har da ɗaya a ƙarshensa, babu suna ko guda. Saboda haka amsar da ofishin Ƙudus da na Arolsen suka fi aikawa ita ce ba a sami wani bayani ba. Wannan amsa ba ta tabbatar da rai ba, ba ta tabbatar da mutuwa ba, don haka mutum yakan sake rubutowa bayan shekara biyu, da sabon rubutun sunan, ko da sunan wani gari da ya tuna an taɓa ambata.

Rashin tabbacin ya taɓa shari'a kai tsaye. A dokar addinin Yahudu, matar da mijinta ya ɓace ba ta da damar sake aure sai an sami shaidar mutuwarsa, kuma tsawon lokaci shi kaɗai ba ya warware igiyar. Irin wannan mace ita suke kira aguna. Mai karatu da ya san hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya, inda alƙali ke yanka mata shekara huɗu sannan ta yi takaba, zai ga bambancin nan take. Malamai a sansanonin 'yan gudun hijira sun kafa kotuna suna karɓar shaida daga waɗanda suka tsira, babban malamin Yahudawa a Ƙudus na lokacin, Isaac Herzog, da wasu takwarorinsa kuma suka nemi hanyoyin sassauci, kamar karɓar shaidar mutum ɗaya, ko dogaro da sanin abin da ya sami duk jirgin da aka sa mutum a ciki. Gado da diyya ma sun buƙaci takarda. Bayan yarjejeniyar Luxembourg ta 1952, wadda Jamus ta Yamma ta amince a cikinta ta biya Isra'ila diyya, da dokokin diyya na Jamus ta Yamma, aikin Arolsen ya karkata sosai zuwa ba da takardar shaidar tsarewa, dokar kuma ta ɗauki 8 ga Mayu 1945 a matsayin ranar mutuwar wanda ya ɓace ba a san ƙarshensa ba. Ta ɓangaren ibada, majalisar malaman Isra'ila ta ware ranar goma ga watan Tevet na kalandarsu don addu'ar mamatan da ba a san ranar rasuwarsu ba. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya kuma suka ɗauki ranar da aka share geton garinsu a matsayin ranar tunawa, suka tattara sunaye daga ƙwaƙwalwar tsofaffi suka buga ɗaruruwan littattafan tunawa da garuruwa.

Ƙofar gabas

Akwai wani rukuni da suke raye amma ba su da bakin amsawa. Daga ƙarshen 1948, lokacin da gwamnatin Stalin ta rusa kwamitin Yahudawa na yaƙi da 'yan Nazi, samun dangi a ƙetare ya zama abin tuhuma a Tarayyar Sobiyet, har takardun neman aiki suna tambayar haka. Mutane sun ƙona wasiƙu, sun daina ambaton yayyensu ko a gaban 'ya'yansu. A 1967 Moscow ta yanke hulɗa da Isra'ila. A ƙarshen shekarun 1960 shirin rediyon ya tsaya, aka ɗauka zamanin cigiya ya wuce.

Bai wuce ba. A shekarun 1970 Sobiyet ta soma barin wasu Yahudawa su fita, da sharaɗin su nuna takardar gayyata daga dangi a Isra'ila, nan take tsofaffin katunan ofishin suka sake amfani. Wata ma'aikaciya, Batya Unterschatz, wadda ita ma daga birnin Vilna na Lituwaniya ta taso a farkon shekarun, ta riƙe ofishin kusan shekara talatin, kuma jin harsunan gabashin Turai da sanin yadda sunaye ke rikiɗa daga harshe zuwa harshe sun taimaka mata wajen haɗa mutane da dama. Daga 1989 kusan mutum miliyan ɗaya suka shigo daga ƙasashen tsohuwar Sobiyet, aka riƙa samun 'yan'uwa na ciki ɗaya da kowannensu ya shafe shekara arba'in ko hamsin yana yi wa ɗayan addu'ar mamaci. A wannan lokaci ne kuma Moscow ta bayyana littattafan mutuwa na Auschwitz da sojojinta suka kwashe a 1945, juzu'i 46 masu ɗauke da suna kusan 69,000, waɗanda suka yi shekaru fiye da arba'in a kulle alhali masu tambaya na raye suna jira. Jinkirin Arolsen ma ya jawo suka mai zafi, domin a shekarun 1990 amsa kan ɗauki shekaru, kuma ba a buɗe taskar ga masu bincike ba sai a 2007, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin waɗanda suka tsira.

Ɗan jarida Yaron Enosh ya farfaɗo da shirin rediyon a shekarar 2000, masu kira a yanzu galibi 'ya'ya ne da jikoki da suka tsinci wata tsohuwar wasiƙa a akwatin mamaci. Shekara biyu bayan haka, a 2002, Hukumar Yahudawa ta rufe ofishin, aka miƙa katuna da fayilolinsa ga babbar taskar tarihin Sahayoniyawa da ke Ƙudus, inda har yanzu ake amsa tambayoyi daga cikinsu.

Wani ɓangare na aikin ya koma hannun cibiyar Yad Vashem, wadda aka kafa da doka a 1953 domin tunawa da waɗanda aka kashe. Tun tsakiyar shekarun 1950 cibiyar ke rarraba wata takarda mai shafi ɗaya da ake cike wa kowane mamaci: sunansa, iyayensa, sana'arsa, garinsu, da abin da aka sani game da ƙarshensa. Sunayen da aka tattara daga waɗannan shafuka da sauran takardu sun kai kimanin miliyan 5 daga cikin miliyan 6 da aka kashe. A ƙasan kowane shafi mai cikewa yakan sa sunansa da adireshinsa da dangantakarsa da mamacin, don kawai a san daga bakin wa shaidar ta fito. Da aka ɗora rumbun a intanet a watan Nuwamba 2004, wannan layi na ƙasa ya zama hanyar cigiya: mace a Kanada ta nemi sunan kakarta, ta ga wani ya cike mata shafi a Tel Aviv tun 1957 yana cewa ƙanwarsa ce, ta gane ashe yayan kakarta ya rayu kuma ya bar zuriya. Taskar Arolsen, mai takardu kimanin miliyan 30 game da mutum miliyan 17.5, ita ma ta sa mafi yawansu a intanet, kuma tana karɓar tambaya kusan 20,000 a shekara.